Jinjina ga Farfesa Swaleyi, Wanda Yara Ke Cinyewa a Bawo

"Wallahi ba za ki sa sunana a jarida ba, Yaya Sigele."

"To sunan wa zan sa? Na bunsurunka?"

"Ki yabi mutuminki ki ƙyale ni. Me ya kawo ni ciki?"

"Kai ka kawo kanka. Wa ya ce a sallame shi? Ni?"

"Al'ada ce ta ce."

"Al'ada baki gare ta? Ni dai bakin da na ga yana motsi naka ne, mai giɓin nan. Zauna, Jafali, ka tare mini haske. Ni na goya ka, har yau bayana bai manta ba."

Ya zauna a kan buhun masara, ya kifa hularsa a gwiwa, yana huci kamar tukunyar wake. Ni kuwa na ci gaba da rubutuna.

Ku yi haƙuri, masu karatu, kun shigo kun tarar da mu a haka. Wanda kuka ji yana rantsuwa ƙanena ne, Che Jafali, wato kamar ka ce Malam Jafali, babban namijin gidanmu. Maganarsa ake bi a kan gona da aure da mutuwa, duk da na riga shi ganin rana. Ni kuma Sigele ce, wadda matan ƙauyenmu na gindin dutsen Zomba ke cewa in kana so magana ta riga motar safe isa kasuwa, ka gaya mini, ka ce kada in gaya wa kowa. Ban yi nisa a makaranta ba, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace, ya miƙe shi da kansa.

Mutumin da na ɗauki alƙalami dominsa shi ne Farfesa Swaleyi Makwinja, malamin ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, mijin ƙanwata marigayiya Lukia. Watan jiya ya yi ritaya. Ranar Juma'a mai zuwa kuma, in Allah bai sa hannu ba, danginmu za su sallame shi. A wurinmu miji ke bin mace garinsu, ya gina ɗaki a ƙasar iyayenta, ya haifa mana 'ya'ya, 'ya'yan kuwa namu ne. In matar ta rasu, a zauna, a gode masa, a haɗa masa guzuri, ya koma inda ya fito. Zakaran aro, in ji kakanninmu. Da Lukia ta rasu bara, aka ce a bari ya gama aiki tukuna. To ga shi ya gama. Shi ya sa na ce kafin a mayar da zakara, bari duniya ta ji irin zakaran da muka ara.

Wanda bai ga safiyar ƙauyenmu ba, bai san yadda duniya ke jan jiki kafin ta tashi daga barci ba. Gajimare a kan dutsen yake kwana. Da asuba sai ya gangaro a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, ya ratsa ta cikin ayaba, ya tsaya a ƙofar kowa. A cikin wannan farin abu za ka hango Farfesa a barandarsa, ya dawo daga masallaci, shayi na tururi a gefensa, tarun kamun kifi a kan cinyarsa yana ɗinki. Tsakaninmu da babban tafki kusan tafiyar yini ce. Tarun nan bai taɓa shan ruwa ba sai na raɓa. Ya ɗinke, ya warware, ya sake ɗinkewa.

Na taɓa ce masa, "Alamu," haka surukai ke kiran juna a wurinmu, "me kake kamawa a kan tudu?"

Ya ce, "Safiya nake kamawa, Yaya. Kullum kuma sai ta zille."

In gajimaren ya ɗaga, ya hau tsohon kekensa ya gangara cikin gari. Abokan aikinsa na wuce shi a motoci suna masa hon, shi yana ɗaga musu hannu, keken na kuka kamar kyanwa. Da la'asar ya dawo, ya fito da allon bawo, wannan katakon mai jerin ramuka da ƙwayoyi, ya ajiye a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, ya zauna. Ba ya kiran kowa. Mutane ne ke zuwa.

A nan dole in faɗi gaskiya, don jinjinar da babu gaskiya a cikinta roƙo ce. Duk faɗin ƙasar nan ba a yi wanda bai iya bawo ba kamar Farfesa Swaleyi. Mutum ya karanta littattafan da in an tara za su kai rufin ɗaki, amma yara masu majina suna cinye shi. Mata sun cinye shi. Ni da idona guda ke yoyo na cinye shi ina tsinke ganyen kabewa. In an cinye shi sai ya yi dariya ya ce, "Kai, yau ma?" ya sake jera ƙwaya. Mun daɗe muna masa dariya kafin mu gane cewa wanda ya tashi daga gaban allon nan yakan tafi gida da sauƙin kafaɗa, kamar wanda aka sauke wa itace.

Ɗan masunci ne daga Makanjira, can bakin tafki. Ranar da ya fara shigowa ƙauyenmu saurayi ne siriri, wuya kamar na zalɓe, yana bin tsofaffi gida gida wai su ba shi labarin mafarkinsu don bincike. Uwarmu ta ɗauka boka ne, ta bi shi da tsintsiya har bakin rafi. Lukia na kan turmi tana dariya har da hawaye. Washegari ta tare shi a hanya ta ce ita tana da mafarki. Jibi ma tana da shi. Gata ma haka. Yarinyar da in ta kwanta sai an zuba mata ruwa, ta wayi gari ta fi kowa mafarki a Zomba! Shi kuwa ya zauna ya saurara, yana gyaɗa kai. Sai ranar ɗaurin aure ya ce mata, ina laɓe ina ji, "Tun na farko na san ƙirƙira kike yi. Mafarkin gaskiya ba ya zuwa da kai da gindi a jere haka. Amma da na faɗa, da me zan fake in dawo?"

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan aure aka tura shi ƙasar sanyi ƙaro karatu. Ya yi digiri a kan digiri har ya zama dakta, suka ce ya zauna su ba shi aiki da gida. Ya ƙi. Da na tambaye shi dalili ya ce jikinsa ne kawai ya je can, mafarkinsa ya ƙi shiga jirgi, kullum ya kwanta sai ya ga kansa tsakanin tafki da dutsen nan, ba takalmi. Ya dawo ya kama koyarwa, bai ajiye alli ba sai da kansa ya yi fari fat.

Abin da ya faru a ajinsa ban gani da idona ba, amma ranar walimar ritayarsa na zauna kusa da wata tsohuwar ɗalibarsa, Asiyatu, wadda yanzu ita ke shugabantar masu kula da taɓin hankali a wani asibiti. Kafin a gama raba shinkafa na tatse ta tas. Ta ce ranar farko yakan shigo aji ya zauna a kan tebur, ya yi shiru. Ɗalibai su buɗe littafi, su rufe, su yi tari, su kalli juna. Shi ko a jikinsa. Har sai wani ya kasa daurewa ya yi magana, ko da shirme ne. Sai ya ce, "Madalla. Kun ga abin da shiru ke yi? Guga ne. Wanda ya iya riƙe igiyarsa, sai ruwa ya hau." Daga nan ya haɗa su biyu biyu, ɗaya ya ba da labarin abin da ke damunsa, ɗayan ya saurara. Doka guda ce: haramun ne ka ce "ai ni ma haka ta faru da ni."

Jama'a, na gwada wannan dokar sau ɗaya a wurin suna. Saura kaɗan a ɗauke ni a makara.

Asiyatu ta ce ba ya kayar da ɗalibi sai ya fara tambayarsa ko ya ci abinci. Ta ce akwai shekarar da ita kanta ta haɗa kayanta za ta bar karatu bayan rasuwar mahaifinta, ta je ofishinsa yin ban kwana. Bai ce mata ta yi haƙuri ba, bai ce ta zauna ba. Ya jawo ƙaramin allon bawo daga ƙarƙashin takardu ya ce ta taya shi wasa ɗaya kafin motarta ta tashi. Motar ta tashi ba ita.

Bincikensa na tsawon rai a kan abu guda ne: mafarkin waɗanda aka yi wa rasuwa. Ba ya fassara. In ka ce masa me mafarkina ke nufi, sai ya ce fassara ta malaman masallaci ce, shi kunne kawai ya kawo. Tambayoyinsa ma ƙanana ne, kamar na yaro. Wane zane ta ɗaura? Kai a ina kake tsaye? Akwai iska?

Shekarar da ruwa ya yi yawa har wani gefen dutse ya zubo a kan ƙauyukan kudu da mu, gwamnati ta kai barguna, masu agaji suka kai garin masara, Farfesa ya kai alluna. Ya kwashi ɗalibansa a bayan babbar mota, kowa da bawo a hammata, suka sauka a makarantar da aka tara waɗanda suka tsira. An yi masa dariya, ni ce ma kan gaba. Na ce mutane sun rasa 'ya'ya, kai ka kai musu wasa?

Ku je kasuwa layin masu ayaba ku tambayi Abiti Sumaili, ita ta ba ni labarin da bakinta, ta kuma ce in faɗa. Laka ta tafi da 'ya'yanta a gaban idonta. Tun ranar bakinta ya kulle, ba kuka, ba magana, tana zaune a gindin bango tana kallon abin da ba wanda ke gani. Kullum wannan tsohon sai ya zo ya zauna a gabanta, ya ajiye allo, ya yi wasa shi kaɗai, ya buga nasa ya buga nata. Kuma ya buga ba daidai ba. Ya tsallake rami, ya ɗebi inda ba a ɗiba. Ta ce tun tana ganinsa kamar inuwa har abin ya fara ci mata rai, don ita gidan 'yan bawo ta tashi. Wata rana hannunta ya miƙe da kansa ya buge nasa.

"Haba Baba, ba haka ake yi ba!"

Maganarta ta farko ke nan. Ya ce, "To nuna mini, 'yata." Tana zuba ƙwaya, idonta a ƙasa, ta ce babban ɗanta ma haka yake tsallake rami. Daga nan igiya ta kama hawa.

Abin da ya gano, yadda ya fassara mini da bakin da zan gane, shi ne wannan. Mutum ba ya iya kallon idon mutum ya faɗi abin da ya fi masa ciwo, amma in hannunsa na aiki, idonsa na ƙasa, sai maganar ta sulalo. Kuma mamaci, in ya fara zuwa a mafarki, yawanci baya yake juyo wa mai rai. Sai ranar da mai ran ya faɗa wa wani kunne abin da bai samu ya faɗa wa mamacin ba, sannan a hankali fuskar ke juyowa. Ya rubuta wannan a littattafai, masana daga ƙasashe suka yi ta hawo tudunmu suna zamewa a laka. Ni ban karanta ba. Takardun dai suna da kyau wajen hura wuta, ko da yake guda ɗaya tak na gwada.

Kai ne, Swaleyi, wanda ya mayar da rashin iyawa sana'a. Kai ne mai tarun da ba ya jiƙewa amma ya tsamo mutane daga ruwa. Ni ce jaridar ƙauyen nan, shekara da shekaru ina kawo maka ɗumamen nsima, tuwon masararmu, da busasshen kifi don ka ɗan ɓantaro mini abin da mutane ke faɗa maka a gindin mangwaro. Ka cinye kifina, ka yaba miyata, ko kalma ɗaya ba ka taɓa ba ni ba. Allah ya isa kifina, amma na sara maka. Zakaran aro da bai taɓa cara ba, gari kuwa ya yi ta wayewa.

Lukia ta rasu da rana tsaka, cikin damina, bayan gajeriyar jinya. Bayan sadakar arba'in na same shi a baranda da tarunsa, na ce, "Alamu, kai da ka saurari mafarkin duniya, ita ta zo maka?"

Ya daɗe yana neman bakin zare. Ya ce, "Ba ta zo ba tukuna. Ina jin tana zaga ku ne, ta san ni ina nan." Can kuma ya ce, kamar da tarun yake magana, "Abin da kawai nake tunani, ba ta san hanyar Makanjira sosai ba. Kada ta zo ta tarar da ƙofa a rufe."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan sallamarsa. 'Ya'yansa sun zo daga Blantyre sun roƙi kawunsu, ya ce al'ada ba rigar da ake cirewa ba ce don an ji zafi. To amma ni na san gidajen da aka bar zakara ya tsufa a akurkinsa, sama kuma ba ta faɗo ba. Na san akwai wani abu a ƙasan maganar Jafali. Mutumin nan shi ne gwanin bawo na yankinmu kaf, ba a taɓa cinye shi ba tun yana saurayi, amma tun rasuwar Lukia bai ƙara taɓa ƙwaya ba. In zai je masallaci ma sai ya zaga ta bayan gari don kada ya bi ta gindin mangwaro.

Da aka yi zaman dangi don sa rana, na shirya. Na sha ɗamara, na shafa ɗan ruwan albasa a gefen mayafi don hawaye, na miƙe na ce Lukia ta zo mini a mafarki. Tana sanye da farare, tana tsaye a ƙofar ɗakinta, ta kira sunana ta ce, "Sigele, ki gaya wa Jafali kada ya sallami mijina, in ya ƙi kuwa masararsa ba za ta yi ba." Mata suka kama salati. Jafali ya zaro ido, ya kama jan carbi. Wani dattijo ya juya ya ce, "Che Swaleyi, kai ne masanin abin nan. Me ka gani?"

Kalma ɗaya zai ce, gida ya zama nasa. Ko shiru ya yi ma ya wadatar. Sai ya dube ni da wannan murmushin nasa ya ce, "Yaya, Allah ya saka miki da alheri. Amma jininku ɗaya da Lukia, mafarkinku kai da gindi a jere yake zuwa. Kuma ga warin albasa." Ya juya ga Jafali ya ce, "Alamu, kada ka bar ni don tsoro. In za ka sallame ni, ka sallame ni da zuciya sake. Sai dai ina da roƙo guda. Tunda na zo garin nan ba ka taɓa zama ka yi wasa da ni ba, ka ce ba ka cin naman da ya mutu da kansa. Ka ba ni wasa ɗaya in yi guzuri."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na yi kwana biyu ba na gaishe shi.

Roƙon mai tafiya ba a ƙin sa. Jafali ya zo wata la'asar, gajimare ya fara saukowa da wuri, duniya ta yi laushi. Ni kuma Allah ya sa ganyen kabewar da ke bayan rumbu ya isa tsinka a daidai wannan lokacin. Ba laifina ba ne in rumbu na kusa da mangwaro.

Da fari ba ka jin komai sai ƙwaya na faɗawa rami, tak, tak, tak, kamar farkon ruwan sama a kan kwano. Farfesa ya yi irin ɓarnar da ya saba. Jafali ya yi tsaki ya kwashe. Can sai na ji muryar ƙanena, ba irin wadda yake yanka hukunci da ita ba.

"Kullum in na yi mafarkin Lukia, shara take yi."

Tak, tak.

"A tsakar gidan uwarmu. Ina kiranta, ba ta juyowa."

"Wane zane ta ɗaura?"

"Mai ruwan ganyen nan. Wanda na sayo mata a Limbe."

"Kai a ina kake tsaye?"

"A zaune nake." Ƙwaya ta tsaya. "A gaban allo nake, alamu. Ranar nan ta aiko a kira ni. Ina bakin kasuwa, wani baƙo ya zo daga Liwonde wai zai cinye ni, mutane sun kewaye mu. Na ce wa ɗan aiken ya ce mata ina zuwa, bari in gama wannan zagayen. Na gama. Na cinye shi. Ana ta tafa mini. Ina isowa kan kwanar nan na ji kukan mata."

Na tsaya da ganye a hannu. Ashe shi ya sa. Kullum la'asar ƙarar ƙwaya na tashi daga ƙofar Lukia tana bin sa har ɗaki. Ba surukin yake so ya kora ba, allon yake so ya bar garin.

Na jira in ji Farfesa ya ce ai ƙaddara ce, ai ta yafe maka, irin abin da ni zan faɗa. Bai ce ba. Ya bar gugan ya daɗe a ƙasa. Sannan ya ce, "Da ka iso a kan lokaci, me za ka ce mata?"

Abin da Jafali ya ce ba zan rubuta ba. Ku shaida, yau Sigele ta haɗiye magana. Na dai ji babban mutum yana kuka kamar ranar da na sauke shi daga bayana aka kai shi kaciya. Gajimare ya rufe su har ba na ganin komai sai farar hularsa. Da abin ya lafa suka ƙarasa wasan, idonsa cike da ruwa, yana zuba ƙwaya inda ba nan ba. Farfesa Swaleyi Makwinja ya ci wasa karo na farko a rayuwarsa, ya zauna yana kallon allon kamar wanda akuyarsa ta haifi ɗan maraƙi.

Tun ranar Jafali ke zuwa kowace la'asar, wai ramuwa. Har yau bai rama ba. Shekaranjiya kuma matarsa ta gaya mini a bakin famfo cewa ya tashi da safe ya ce mai sharar ta ɗan waiwayo, bai ga fuskar duka ba, amma ya ga kunne da ɗan kunne. Sai dai maganar Juma'a tana nan, don namiji ya fi son ya haɗiye garwashi da ya haɗiye maganarsa.

To, Farfesa, ko ka tafi ko ka zauna, ga tawa. Mun gode. Matan layin ayaba sun gode, ɗalibanka da ke warwatse a asibitoci da makarantu sun gode, uwarmu ma da ta bi ka da tsintsiya, da tana nan da ta share maka wurin zama da ita. Allah ya kawo maka Lukia fuska da fuska, ya sa ta tarar da ƙofa a buɗe. Ku kuma masu karatu, ba kowa zai zama farfesa ba, amma kowa na da kunne biyu da wani abu da bai iya ba. Ku nemi wanda ya yi shiru a gidanku, ku zauna kusa da shi, ku ba hannunsa aiki, ku kame bakinku. In ni na iya sau ɗaya a bayan rumbu, ba wanda ke da uzuri.

Nan na ajiye alƙalami na karanta wa Jafali daga farko har ƙarshe, don ba na cin naman mutum a bayansa sai in ba ya nan. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana juya hularsa.

"Har da kukan kika sa."

"Kaɗan na sa. Na rage majinar."

"Bakinki dai, Yaya, ranar da ake rabon ƙofa ba ya nan." Ya miƙe ya kaɗe wandonsa. "Bar shi haka, kunya ta riga ta gama abin da za ta yi mini. Amma ki ƙara wannan, ki rubuta da manyan baƙaƙe. Ni Jafali ban janye maganata ba. Sallama tana nan. Sai dai ba zan bar baƙo ya koma bakin tafki yana cewa ya cinye ni ba. Ranar da na cinye shi a bawo, ranar zan sallame shi. Ba kafin nan ba."

Na cire tabarau na dube shi.

"Jafali, mutumin da jikata mai famfara ta cinye jiya da hannun hagu?"

"Idona ne ba ya gani sosai kwanan nan."

"Idon da ya hango akuyar maƙwabci a gonarka daga masallaci?"

"Yatsuna ma suna ciwo."

"Allah sarki. Yaushe kake jin za su warke?"

"Ina ruwanki? Likita ce ke?" Ya dafa hula a ka, ya leƙa ta taga wajen mangwaro, inda ƙwaya ta fara tak, tak a cikin gajimare. "Kin ga kin sa na makara, mutum na can yana jirana. Tsohuwar banza mai warin albasa!"

Ya fice, ya maka ƙofar da ƙarfin da sai da ƙasa ta zubo daga bango a kan takardata.